Rairayi a Cikin Bututu

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙarfe kuwa bai taɓa zama ɗanye ba, amma kullum ana tanƙwara shi, kuma wanda ya san yadda ake yi ba ya raina sanin. A wani zaure na birnin Maraɗi akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda ya share shekaru yana wannan aiki da ƴan ƙarafan da ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, inda haske ya fi yawa, ya jera kayan aikinsa: ƙaramin awartaki, da magagari, da guntun zarto, da wani katako da aka kafa wa ƙusoshi, da murhun shayi, da gwangwanin madara cike da rairayi. A tsakiyar kayan akwai wata ƴar mota mai dogon hanci, tsawonta santimita 33. Ita ce motarsa, ko kuma abin da ya rage masa daga gare ta.

An haife shi wajen shekarar 1950, ya shiga tasha yana karen mota a 1966, lokacin da gyaɗa ce arzikin wannan yanki. A wancan zamani kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke da cinikin gyaɗar ƙasa, manyan motoci kuwa su ke jigilarta, wasu zuwa Kano, wasu su bi ta Doso da Gaya, su ƙetare kogi a Malanbil, su sauke a Faraku, inda layin dogo mai kilomita 438 da ya taso daga Kwatano ya tsaya. Da yawa daga cikin motocin nan ƙirar Berliet ne, na birnin Liyon da ke Faransa, kuma tambarin da ke bisa hancinsu hoton kan jirgin ƙasa ne. Dattijon yakan yi dariya ya ce a ƙasar da ba ta da layin dogo, jirgin ƙasa ɗaya da suka sani shi ne wanda suke gogewa da tsumma kowace safiya. Ya riƙe sitiyari kafin farin 1973 da 1974, ya yi jigilar hatsin agaji zuwa arewa a shekarun da gyaɗa ta mutu, sa'an nan a 1982 wani Alhaji ya sayar masa da tsohuwar Berliet GLR mai silinda 5, yana biya kaɗan kaɗan har ya gama.

Motar ta ciyar da gida shekara 12. Ta jure rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, ta jure ƙarancin kayan gyara, domin tun 1978 aka haɗe kamfanin da Saviem a ƙarƙashin Renault, sunan Berliet kuma ya ɓace daga sababbin motoci a 1980. Abin da ba ta jure ba shi ne watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. A wannan shekara injin ya buga a hanyar Birnin Ƙonni. Aka jawo ta gida, aka yi lissafin gyara, lissafi ya fi ƙarfin mai ita. Shekara 3 tana fake a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har ya sallama ta ga masu sayen tsohon ƙarfe. Maƙera suka yanka ta, ta koma garma da murhu da ƙyauren shago. Hoto ɗaya tak ya rage, shi ma daga gaba aka ɗauke shi.

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar gwangwani da motar waya mai dogon sitiyari. Abin da dattijon ya sa a gaba bayan ƙarfinsa ya ƙare ya bambanta da waɗannan, domin yaro yana ƙera mota yadda idonsa ya so, shi kuwa ya ɗaure kansa da awo. Wani mai gyaran rediyo ne ya nuna masa hotunan ƴan motocin da masu wannan sha'awa ke ƙerawa a Turai, ya bayyana masa cewa yawanci sukan raba kowane awo na babbar mota gida 24, na Amurka kuma gida 25. Dattijon ya ɗauki 24. Daga ranar nan kowane ƙarfe ya zo da hukuncinsa. Motar da ta kai mita 8 za ta koma santimita 33. Bututun salansa mai faɗin santimita 10 zai koma milimita 4 da ɗan ɗoriya. Hannun madubi mai kaurin milimita 24 zai koma milimita 1. Bututun iskar birki mai milimita 12 zai koma rabin milimita. Tun da motar ba ta nan balle a auna ta, da jikinsa ya tuno awonta: matakin hawa yana daidai gwiwarsa, bakin bodi yana daidai kafaɗarsa, tsakanin matakan tsani akwai kamu ɗaya ba kaɗan. Jikansa, ɗan kwaleji mai shekara 15, shi ke auna gwiwa da kafaɗa da ma'auni, ya raba da 24, ya rubuta a bayan tsohon littafin makaranta.

A Turai akwai kantunan da ke sayar da bututun tagulla da sandunanta kowane kauri. A Maraɗi kantin dattijon shi ne wajen masu tsofaffin kaya, ranar Litinin da ranar Juma'a. Eriyar tsohuwar rediyo taska ce, domin bututu ne cikin bututu, kowane yana shiga ɗan'uwansa daidai. Yakan goga magagari a jikinta, in ya ga rawaya a ƙarƙashin farin ya san tagulla ce, ya saya. Daga matacciyar firiji yakan ciro siririn bututun jan ƙarfe. Daga masu walda yakan roƙi guntayen sandar tagulla. Wayar lantarki, in aka feɗe robarta, tana ba da jan ƙarfe mai laushi, wayar tsohon injin fanka kuma ita ce bututun birki. Ƙarfen tayar keke yana da kauri wajen milimita 2, amma taurin kansa ya yi yawa, sai a inda ake son abin da ba zai motsa ba.

Sanda, wato ƙarfen da ba shi da rami a ciki, ba ta ba shi wahala sosai ba, ko da yake ita ma tana da ƙa'idodinta. Na farko, ba a tanƙwara ta a iska, sai a jikin wani abu mai zagaye, ƙusa ko kan abin huda, gwargwadon faɗin kwanar da ake so. Na biyu, a tanƙwara tukuna sa'an nan a yanke, domin guntun ƙarfe ba shi da inda hannu zai kama. Na uku, ƙarfe yana da halin komawa baya kaɗan in an sake shi, saboda haka sai a ɗan zarce inda ake so, ya dawo da kansa ya zauna daidai. Na huɗu, abin da ke da dama da hagu, kamar hannuwan madubi, ba a yin sa da ido. A nan ne katakon ƙusoshi ke aiki, a zana siffar a bisansa, a kafa ƙusa a kowace kwana, a bi da sandar, ta biyu ta fito kamar ta farko. Ƙa'ida ta biyar ita ce wadda dattijon ya fi nanatawa: ba a tanƙwara wuri ɗaya sau biyu. Duk lokacin da aka lanƙwasa ƙarfe yana ƙara tauri a wurin, in aka miƙe shi aka sake, taurin ya zama gautsi, ya tsage. Wanda ya yi kuskure ya jefar ya ɗauki sabo, ko ya mai da shi wuta.

Bututu shi ne ya hana shi barci. Dalili kuwa a fili yake. In aka tanƙwara bututu, bangon da ke bayan kwana yana miƙewa ya ƙara siranta, bangon da ke ciki yana matsewa ya tattare, tsakaninsu kuma ba komai sai iska. Tun da babu abin da ya tokare su, sai bangayen biyu su nufo juna, bututun ya baje, daga nan ya shaƙe farat ɗaya kamar karan dawa da aka karya. Salansar motarsa tana da kwana 3: ɗaya inda ta sauko daga inji, ɗaya inda ta kauce wa shasi, ɗaya inda ta fita gefe gaban tayar baya. Sau 7 ya gwada, sau 7 yana jefa gawar eriya a cikin gwangwani. Ana iya yin ta da sanda marar rami, a ɗan huda bakinta, ba wanda zai gane. Ya ƙi. Ya ce salansar da hayaƙi ba zai iya bi ta cikinta ba, ba salansa ba ce.

Abu na farko da ya gano shi ne wuta. Tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, tana fitowa daga masana'anta da tauri saboda jan da aka yi mata. In aka sa wurin da za a tanƙwara a garwashi har ya yi ja mai duhu, aka fitar, sai ta yi laushi. Dole a yi wannan a inuwa, domin a rana ido ba ya ganin jan sai ya wuce kima, siririn bututu kuma ba ya jimirin wuce kima. Wani abin da ya ba shi mamaki shi ne ruwa. Ya tashi yana ganin maƙeri na tsoma bakin gatari a ruwa don ya yi tauri, sai ga shi tagulla da jan ƙarfe ba su bin wannan doka: a tsoma su ko a bar su su huce, laushinsu yana nan. Sanholo kuwa mayaudari ne, yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mutum ba. Maganinsa sabulu: a goga masa, a gasa, da sabulun ya yi baƙi a janye.

Abu na biyu shi ne cika ciki. Wannan ya san shi tun yana gareji, inda ake ɗura wa babban bututu yashi kafin a lanƙwasa shi, amma bai zaci dabarar za ta sauko har milimita 4 ba. Yashin gini ya yi girma. Sai ya aiki jikan gulbi da rani ya ɗebo rairayi, aka tankaɗe da rariyar gari, aka soya a kasko har ya bushe ƙarau, domin rairayi mai laima in ya haɗu da zafi a rufaffen bututu tururi yake yi, tururi kuma yana iya fasa shi. A matse baki ɗaya da awartaki, a riƙa ɗurawa ana ƙwanƙwasawa har rairayin ya daina sauka, a matse ɗaya bakin. Gishiri mai laushi ma yana yi, kuma ya fi sauƙin fita tun da ruwa na narkar da shi. Wasu sukan zura waya mai laushi a ciki. Masu ƙera ƙahonin busa na tagulla a Turai sukan cika bututu da ruwan sabulu su daskarar da shi, akwai kuma wani haɗin ƙarfe da ke narkewa a digiri 70, a ɗura shi, a tanƙwara, a fitar da shi da ruwan zafi, sai dai yana ɗauke da dalma da wani guban. Da aka gaya wa dattijon zancen ƙanƙara, cewa ya yi a watan Afrilu na Maraɗi kafin a kawo ta daga firijin maƙwabta ta zama ruwan alwala.

Abu na uku shi ne kada a ƙuntata kwana. Bututu ba ya son a juya shi a wurin da bai kai ninki biyu ko uku na kaurinsa ba. Sai a nemi abin da za a naɗa shi a kai, a ɗan fafe masa gurbi don bututun ya kwanta a ciki, a riƙa tura shi da babban yatsa sannu sannu, ba a fizga ba, ba a tsaya a koma baya ba.

Ya san wannan duka, amma sanin ya zo daidai lokacin da ido ya fara tafiya. Yana ta rufe masa na hagu, na dama kuma yana bin sahu. Ba ya ƙara ganin jan garwashi a jikin bututu, ba ya ganin layin da aka zana a katako. Babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati ne a Yamai, ya zo hutu da niyyar kai shi likita a cire yanar. Ya tarar da mahaifinsa a bakin zaure yana lalube, mutanen unguwa kuma sun riga sun gaya masa cewa tsoho ya koma wasan yara.

"Baba, ku yi haƙuri ku ajiye wannan abu," in ji shi, yana durƙushe. "Aikin idon nan ba ya ɗaukar lokaci, mutane da yawa an yi musu sun warke. In mota kuke so a ajiye a ɗaki, sai in sayo muku ta kanti."

Dattijon bai ɗaga kai ba. "Ta kanti motar wani ce. Ka bari in gama salansa, sa'an nan ka kai ni inda za ka kai ni."

Bai faɗi sauran ba, amma uwargida ta faɗa wa ɗanta da dare: Malam tsoro yake ji. Yana ganin in aka taɓa idon aka yi rashin sa'a, motar za ta zauna ba salansa har abada, kuma ba wani mai rai da ya san inda kwanonin nan 3 suke sai shi.

Jikan ne ya warware matsalar, ta hanyar tsokana irin ta jika da kaka. "Tsoho, ka ba ni nan. Hannunka rawa yake, idonka kuma ya tafi hutu." Dattijon ya ce masa yaron da bai taɓa canza taya ba ina shi ina salansa, amma ya miƙa. Yaron ya kawo abin da kakansa ba shi da shi, wato lissafin makaranta: kwanar da ta juya rubu'in da'ira tana cin ninki 1,57 na nisan da ke tsakaninta da cibiyarta, saboda haka kwana mai milimita 10 za ta ci wajen milimita 16 na bututu. Da wannan ya sa alamun inda kowace kwana za ta fara da inda za ta ƙare, abin da a da ake yi da ƙiyasi. Kakan kuma ya kawo abin da babu a littafi. Yaron ya gasa, yana faɗin launin da yake gani, tsohon ya ce janye. Yaron ya ɗura rairayi, tsohon ya kaɗa bututun kusa da kunnensa, ya ce bai cika ba, ƙara. Da aka zo tanƙwarawa ya ɗora yatsansa bisa na yaron, yana jin bangon bututun, yana cewa sannu, sannu, tsaya, ɗan zarce, saki. Kwana ta farko ta fita, ta biyu ta fita. A ta uku yaron ya ga kamar ta karkace, ya yunƙura zai miƙe ta, tsohon ya buge masa hannu. Aka yanke bakunan, aka zazzage rairayi. Dattijon ya sa bakinsa a gefe ɗaya ya hura, iska ta fita ta ɗaya gefen ta tayar da toka a murhu.

Ɗan nasa yana tsaye yana kallo. Da aka liƙa salansar a gurbinta ya ɗauki motar yana juyawa, har idonsa ya faɗa bisa tsanin da ke gefen bodi. Matakai 5 ne, 4 a miƙe, na biyu daga ƙasa a lotse. Ya ce wannan an yi kuskure. Mahaifinsa ya ce ba kuskure ba ne, da gangan ya lotsa shi, domin haka yake tun ranar da wata tirela ta goge su a Gaya. Ma'aikacin ya yi shiru. Ya tuna matakin. A kansa yake zamewa duk sa'ad da ya hau ya kwance tamfol yana yaro, kuma daga cikin bodin nan ne kuɗin littattafansa suka fito, tun daga aji ɗaya har ya gama lise. Ya ajiye motar a hankali, bai sake zancen ta kanti ba.

Iccen Tenere da wata mota ta kayar a 1973 yana ajiye a gidan tarihi na Yamai, ana zuwa kallonsa. Motar wannan dattijo, da ɗaruruwan irinta da suka ɗauki gyaɗa zuwa kudu suka ɗauko hatsi zuwa arewa, sun narke cikin garemani da murahu. Ɗan kasuwar da kayansa ke kwana a hanya da ma'aikacin da albashinsa ya dogara ga abin da ya shigo ta iyaka duk sun san abin da ƙasar da ba ta da teku ke bin direba da bakanike. Amma sau nawa ake ɗaukar abin da ke cikin hannun waɗannan mutane a matsayin ilimi? Yaron da ya iya 1,57 ana ba shi takardar shaida. Tsohon da ke gane cikar bututu da kunnensa ana ce masa ya koma wasan yara. Salansar nan kuwa ba ta fita ba sai da aka haɗa su biyun a kan tabarma ɗaya.

An sa ranar aikin ido bayan sallah. Dattijon ya yarda, bisa sharaɗi guda: kafin ya dawo jikan ya yi hannuwan madubi biyu a katakon ƙusoshi, kada kuma ya liƙa su sai shi ya gani da idonsa. Yaron ya riga ya ɓata 3. Na huɗu yana kan katako, gwangwanin rairayi kuma an rufe shi da tsumma saboda laimar damina. Allah ya ba tsoho lafiya, ya sa ya ga madubin motarsa.